Mai Guga a Littafin Ƙaninta

A can bayan asibitin, in an wuce kicin da ɗakin da ake jibge karyayyun gadaje, akwai wani dogon ɗaki mai tagogi uku waɗanda tururi ba ya rabuwa da su. Nan ne ɗakin wanki, nan kuma ta yi shekara talatin da 'yan kai tana aiki. Mai Guga ake ce da ita. Likitoci sun zo sun tafi, an sake wa asibitin fenti ba adadi, an ajiye dutsen gawayi an koma na lantarki, ita dai tana nan a teburinta na kusa da ƙofa. In ta shimfiɗa zanen gado ta bi shi da dutse sau biyu, abokan aikinta kan ce ko ƙuda ya sauka a kai sai santsi ya kwashe shi. Gajeruwar mace ce mai jiki, muryarta a ƙasa, tana da tabon ƙuna mai siffar ganye a bayan hannun dama.

Ba ta taɓa zama a aji ba. Tana da shekara goma sha takwas mahaifiyarsu ta rasu, uban kuwa ya riga ta da jimawa, aka bar ta da ƙaninta ɗan shekara shida, wanda kowa ke kira Auta. Da ta yi aure, da shi ta tafi. Da auren ya mutu, bayan ta haifi uku ba rai, da shi ta fito, ga kuma jaririya a baya, ɗayar da ta zauna, wadda saboda haka sunan Tilo ya bi ta. Dangin mijin sun sha gaya mata cewa ita ce ba ta iya riƙon ciki ba. Ta kuma yarda, don ba ta da abin da za ta musa da shi.

Auta yaro ne mai kai. Shekarar da ta fara aiki a asibiti aka ɗauke shi makarantar kwana, a wani gari kan tudu inda aka ce sanyi kan fasa leɓe. Aka ba shi takardar kayan da zai je da su, ya karanta mata. Ta haɗa akwati, ta haɗa bokiti da takalma da fitila. Da aka zo kan barguna biyu, ƙarfinta ya ƙare. Ana saura kwana uku ya tafi, ta tsaya gaban kantar da ake jera bargunan marasa lafiya, ta daɗe tana kallonsu. Sai ta zaro biyu daga ƙasa, ta naɗe su cikin tsummokaran da akan bar wa ma'aikata su tafi da su gida. A ɗaki ta sa reza ta farke tambarin asibitin da ke bakinsu.

Bayan mako uku aka ƙirga barguna, aka ga babu biyu. Kula da kantar yana hannun wata dattijuwa, Gwaggo Mai Ninki, wadda ita ce ma ta koya wa Mai Guga yadda ake ninke zanen gado mutum ɗaya ba tare da ya taɓa ƙasa ba. Aka tara ma'aikata aka tambaya. Gwaggo ta rantse, ta yi kuka, aka sallame ta a ranar. Mai Guga tana tsaye a wurin, bakinta ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen guga, ba ta ce uffan ba.

Shekara goma tana ɗauke da wannan magana ita kaɗai. Ranar da Auta ya gama jami'a ya dawo da takardarsa, suna zaune su biyu a ƙofar ɗaki, farin ciki ya kwance mata baki, ta gaya masa komai tana hawaye. Ya kama hannunta mai tabon, ya ce, "Yaya, wannan magana ta mutu a nan. Ni ne sanadi, ni kuma zan rufa miki asiri har abada."

Auta ya zama malamin makaranta, daga baya ya fara rubutu. Wata rana ya zo da wani littafi mai koren bango, da hotonsa a baya yana dafe da haɓa.

"Yaya, ga shi. Ni na rubuta. Kina ciki ma."

"Ni? Me na yi da zan shiga littafi?"

"Ai ba ni da labari in babu ke."

Ta goge hannunta a zane kafin ta karɓa. Ta samo sabuwar rigar matashi ta goge ta, ta sa littafin a ciki, ta ɗora a saman kabad. Duk baƙon da ya zo gidan sai ta sauko da shi. "Ƙanina ne ya rubuta, ya ce ina ciki." Wasu su juya shi su yaba bangon. Wasu kuwa, musamman 'yan makaranta da iyayensu masu karatu, sai su dubi littafin, su dubi bayan hannunta, su ce "Allah sarki," su sako wata magana. Ita a ganinta girmamawa ce. Ta sha roƙon Tilo ta karanta mata. Kullum Tilo kanta na ciwo, in kuma ta matsa mata, sai ta buɗe wani wuri ta karanta mata shafi ɗaya kan ruwan sama da taɓon hanya, ta rufe. Shi kuwa Auta amsarsa ɗaya ce: "Sai na samu lokaci mun zauna a tsanake, Yaya." Shekara goma sha uku lokacin bai samu ba.

Abin da ya kai ta ga karatu ba littafin ba ne, galan ne. An kawo sababbin injinan wanki, aka kawo su da galan-galan na sinadarai kala-kala, kowanne da rubutu a jikinsa. Wani ma'aikaci ya haɗa biyu da ba a haɗawa, hayaƙi ya tashi, ya yi mako guda yana tari a gadon asibitin da yake wanke wa zannuwa. Shugaban sashe ya tara su ya ce nan da wata shida duk wanda ba ya iya karanta jikin galan za a mayar da shi shara.

Doguwa, abokiyar aikinta ta teburin kusa, wadda ta yi aji huɗu a ƙuruciya, ta ce, "To fa, Mai Guga. Sai ki fara zaɓen tsintsiya tun ba a kwashe masu kyau ba."

Mai Guga ba ta yi dariya ba. Da ta tashi aiki ta wuce gida, ta ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciyarta, wata tsohuwar malamar firamare da ta yi ritaya, wadda unguwa ke kira Malama kawai. Ta zauna ta faɗi abin da ya kawo ta, kanta a sunkuye, ta ƙare da cewa ta san ta tsufa.

Malama ta ce, "An ce gemu ba ya hana ilimi, balle ke da ba ki da shi. Gobe ki zo da fensir."

Watannin farko sun yi mata wuya. Hannun da ke juya dutse mai nauyi kamar takarda, sai ga shi ya kasa sarrafa fensir. Ta riƙa kama haruffa da kayan aikinta: wannan kamar maratayin riga, wancan kamar tsinken shanya, wani kuma kamar igiyar da ta saki a tsakiya. Malama ba ta hana ta ba. A wata na uku, tana cikin guga da hantsi, idonta ya sauka kan shuɗin tambarin da ke gefen zanen gado. Shekara talatin tana bin wannan tambari da dutse, tana gane shi da tsawonsa. Ranar sai ya buɗe baki ya yi magana. Ta bi shi da yatsa: ɗakin yara. Ta zaro wani: ɗakin haihuwa. Ta riƙa zaro zannuwa ɗaya bayan ɗaya tana karantawa har Doguwa ta ce ko wani abu ta jefar a ciki.

Galan dai ta wuce shi tun kafin wa'adi ya cika, amma ba ta tsaya ba. Malama tana da akwatuna biyu na littattafai a ƙarƙashin gado, da suka ƙare ta nuna mata hanyar laburare. Mai Guga ta karanta labarin wata mata a wata ƙasa mai ƙanƙara wadda mijinta ya tafi kamun kifi bai dawo ba, ta rayu da wankau tana renon 'ya'ya. Da ta zo inda aka ce matar kan dafa ƙugu kafin ta miƙe daga bakin baho, sai ta ajiye littafin. Ashe har a can ma ƙugu na ciwo. Ta karanta wani kan taurari, ta yi kwana uku tana jin jiri da tunanin cewa ƙasar da take takawa gudu take yi. Sannan ta karanta wani ƙarami kan jikin mace da goyon ciki, inda aka bayyana dalilai da yawa da kan sa ɗa ya zo ba rai, waɗanda uwa ba ta da hannu a cikinsu ko kaɗan. Ta karanta wurin sau huɗu. Ta je ta sami wata tsohuwar ungozoma a ɗakin haihuwa ta tambaye ta, ungozomar ta ce haka ne. Ranar ta koma gida da ƙafa maimakon mota, tana tafe tana jin kamar an sauke mata tulun da ta manta tana ɗauke da shi.

Daga nan halinta ya soma sauyawa. Matar da a da in an ce mata "an ce" sai ta ce "to", yanzu sai ta ce, "Wa ya ce? A ina aka rubuta?" Ita ta karanta takardar da ke manne a bangon ofis ta gano cewa mai aikin tsaye yana da hutun rabin awa da rana, abin da ba a taɓa ba su ba, ta kuma je ta faɗa wa shugaban sashe da ladabi, aka fara ba su. Doguwa ta laƙaba mata Farfesa.

Duk wannan lokaci koren littafin yana saman kabad. Ta ce ba za ta shiga littafin Auta tana tuntuɓe ba, sai ƙafarta ta yi ƙwari. Sau biyu ta ce wa Malama ta ga kamar ta isa, sau biyu Malama ta miƙo mata wani littafin ta ce ta fara gamawa da wannan. A shekara ta biyu, wata ranar hutunta da safe, ta yi shara, ta yi wanka, ta sa kaya masu kyau kamar mai zuwa gaisuwa, ta sauko da shi, ta zauna bakin taga.

Labarin wani maraya ne, yana ba da shi da bakinsa. Shafukan farko sun sa ta hawaye, don ga ɗakinsu na da, ga ƙofar da ba ta rufuwa sai an ɗaga ta, ga ranar rasuwar mahaifiyarsu. Sai yayar yaron ta shigo. Mai Tabo ya kira ta. Gajeruwa ce, mai guga a asibiti, tana da ƙuna mai siffar ganye a hannun dama. Mai Guga ta gyara zama tana murmushi.

Murmushin bai kai shafi biyu ba. Mai Tabo mace ce mai faɗa da rowa, mai ƙin karatu. Takan ce wa yaron takarda ba ta cika ciki. Takan yage littafinsa na makaranta ta hura gawayin guga da shi, yana kuka tana dariya. Mai Guga ta tuna ranar. Sau ɗaya ne, bisa kuskure, takarda ɗaya da ta tsinta a ƙasa, kuma washegari ita ta taka har makaranta ta ba malaminsa haƙuri don kada a doke shi. Ta ce a ranta wataƙila yarinta ce, bai tuna daidai ba. Ta ci gaba.

A babi na bakwai ta tarar da barguna. Mai Tabo ta sace barguna biyu a asibiti, ta sayar, ta sayi 'yan kunne. Aka kori wata tsohuwa a kan laifin, Mai Tabo ta dawo gida tana kwaikwayon kukan tsohuwar tana duba kunnenta a madubi. Shi kuwa yaron, a makon ne ya tafi makarantar kwana da wani tsohon zane shara-shara, ya yi shekara shida yana karkarwa a kan tudu, kuma wannan sanyi, in ji shi, shi ya koya masa cewa ba shi da kowa a duniya sai kansa.

Ba ta yi kuka ba. Ta karanta har ƙarshe, harafi bayan harafi, tana neman inda zai gyara, inda zai ce daga baya ya gane. Babu. Rana ta yi tsaka, ta karkata, tukunya ba ta hau wuta ba. Fuskokin baƙi na shekara goma sha uku suka riƙa dawo mata ɗaya-ɗaya, da yadda suke duban hannunta. Ita da hannunta ta riƙa sauko da tonon asirinta tana miƙa wa mutane, tana washe baki.

Da yamma Tilo ta zo daga shagonta na ɗinki, ta ga littafin a buɗe kan cinyar uwarta, ta tsaya cak a bakin ƙofa.

Mai Guga ta ce, "Tun yaushe kika sani?"

"Mama..."

"Tambayarki na yi."

"Tun ina ajin ƙarshe. Shi aka ba mu mu karanta na jarrabawa. 'Yan ajinmu 'yar Mai Tabo suke ce min." Ta durƙusa kusa da ita. "Na je na sami Kawu na yi masa kuka, ya ce in na gaya miki zuciyarki za ta buga, alhakinki a wuyana."

"Kika bar ni ina nuna wa mutane."

"Ban san yadda zan hana ki ba, Mama."

Malama ma ba ta musa ba. Ta ce ta karanta shi tun yana sabo, ba ta san ko wace ce ba sai ranar da Mai Guga ta kama fensir a gabanta ta ga tabon. "Na yi ta ja miki lokaci, ko Allah zai sa ki manta da shi. Na yi kuskure. Ba yarinya ba ce ke."

Kwana biyu bayan haka ta shiga mota ta tafi gidan Auta, a wancan gefen gari. Matarsa ta tarbe ta da murna, ta kai ta ɗakin karatunsa. Yana zaune a bayan tebur, littattafai har rufi, furfura ta fara fito masa a gefen kai. Ya miƙe da fara'a.

"Yaya, ke ce da rana haka? Ai da kin aiko na zo."

Ta zauna. Ta fito da littafin daga jaka ta ajiye a teburin, ta buɗe babi na bakwai, ta sa yatsa, ta fara karantawa a bayyane, a hankali, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Tun a layi na biyu ya koma ya zauna. Da ta gama shafin ta ɗago.

"Auta, a makaranta da me ka rufa?"

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. "Yaya, yaushe kika... ai ban san kin fara karatu ba."

"Shekara biyu ke nan. Da kana zama in ka zo, da ka sani. Da me ka rufa?"

"Ki fahimce ni. Wannan ƙagaggen labari ne. Ba ke ba ce. Haka ake rubutu, a ɗauki kaɗan daga rayuwa a ƙara da tunani."

"Na karanta ƙagaggun labarai, sun fi ashirin. Na san yadda ake yi. A ɗauki hancin wannan a haɗa da kunnen wancan, a yi mutumin da babu shi. Kai kuwa ɗungurungum ka ɗauke ni, da tsawona da aikina, ko tabona ba ka bari ba. Abu ɗaya ka cire. Kanka ka cire daga cikin bargon."

Ya yi ta magana bayan haka, irin ta mai naɗe tabarmar kunya. Ya ce yana matashi ne lokacin. Ya ce mai buga littafin ne ya ce labari ba ya tashi in babu mugu a ciki, kuma mutane sun fi son yaron da ya miƙe da ƙafarsa. Ya ce littafin ya ƙarfafa wa marayu da yawa gwiwa, yana da wasiƙunsu. Tana saurare ba ta katse shi ba. Da maganar ta ƙare masa, ya dubi teburin ya ce da ƙaramar murya, "Ban taɓa zaton za ki karanta ba, Yaya."

"Yauwa. Wannan ita ce gaskiyar farko da ka faɗa tun da na zauna."

Wannan kalma tasa ta fi babi na bakwai yi mata ciwo. Rashin karatun da ta zauna a ciki don shi ya fita, shi ne katangar da ya laɓe a bayanta ya jefe ta. Ya ce zai gyara a bugu na gaba, zai rubuta bayani a gaba, zai yi duk abin da take so. Ta ce wanda ya karanta ya riga ya karanta. Ta ɗauki littafinta ta mayar a jaka. Matarsa ta biyo ta da kofin shayi har bakin ƙofa, ta yi mata godiya, ba ta karɓa ba.

Amma akwai abin da ya hana ta sakat, wanda ba laifin Auta ba ne. A cikin duk ƙaryar da ya shirya, tsohuwar da aka kora gaskiya ce. Shekaru tana tuna abin daga cikin kanta, tare da sanyin tudu da yaro maraya da duk uzurinta. A takarda kuwa ta gan shi daga waje, yadda take ganin mutanen cikin littattafai, ta ga wata dattijuwa ta fita ƙofar asibiti da ƙunshinta a ka, ta kuma tambayi kanta abin da takan tambaya in tana karatu: daga nan ina ta tafi? Shekara talatin ba ta taɓa tambaya ba.

Ta yi wata guda tana cigiya. Wani tsohon mai gadi ya gaya mata Gwaggo Mai Ninki ta rasu shekara tara da suka wuce, amma 'yarta tana sayar da kwanuka a bakin kasuwa. Ta same ta, mace da ba ta kai ta shekaru ba, tana jera tukwane. Ta gaishe ta, ta faɗi ko ita wace ce. Matar ta dubi hannunta.

"Na san ki. 'Yata ce ta karanta mana littafin ƙaninki tana makaranta. Inna tana da rai lokacin. Da aka zo wurin, ta sa aka maimaita mata. Ta ce, ashe 'yan kunne aka saya da ni."

Mai Guga ta zauna kan wani kifaffen baho. Ta ce ba 'yan kunne ba ne, ta faɗi yadda aka yi daga farko har ƙarshe. Ta ce ba ta zo wanke kanta ba, ita ta ɗauka, ita kuma ta yi shiru.

Matar ta ci gaba da jera tukwanenta. "Ko na kunne ko na sanyi, mu dai mun sha wuya. Bayan korar nan ba wanda ya ƙara ɗaukarta aiki, an ce ɓarauniya ce. Ni aka cire daga makaranta." Sannan ta ce, "Na ji, kuma kin kyauta da kika zo. Amma yafiyar ba a hannuna take ba, mai ita ta tafi."

Washegari Mai Guga ta je ofis ta ce a duba tsohon fayil ɗin Gwaggo, a rubuta cewa ba ita ta ɗauka ba. Shugaban sashe ya ce takardun wancan zamani ko gara ba ta same su ba, ta je ta ci gaba da aikinta. Sai ta karɓi takarda ta rubuta da hannunta, layi biyar, ta sa sunanta a ƙasa, ta kai wa mai kwanukan ta ce ta ajiye wa jikokin Gwaggo. Shi ne abu na farko da ta taɓa rubutawa wanda ba Malama ce ta sa ta ba.

Bayan shekara biyu ta yi ritaya. Ba ta yanke zumunci da Auta ba, ta ce jini ba a wanke shi. Yakan zo duk ƙarshen wata, ta amsa gaisuwarsa, ta tambayi matarsa da yara, kamar yadda ake yi wa baƙon kirki. Hirar da ce dai babu. Ya zauna ya yi ta juya mabuɗin mota a hannu, ita kuma ta jira ya tafi ta koma inda ta tsaya a karatu.

Wani zuwa da ya yi, tana tsakar gida tana kwashe shanya, ya hango koren littafin a kan wata kanta a ɗaki, tsakanin sauran littattafanta. Ya zaro shi. Gefen kowane shafi cike yake da rubutun fensir, manyan haruffa masu karkata. A wani wuri an rubuta: ƙarya. A wani: sau ɗaya ne. A wani: ba haka ta ce ba, ga abin da ta ce. A shafin rasuwar mahaifiyarsu kuwa an rubuta: haka aka yi, ka iya. Yana tsaye yana bi shafi-shafi har ta shigo da kaya a kafaɗa.

"Yaya, ki ara min wannan in tafi da shi. Kwana biyu kawai."

"Ban gama ba."

"In kin gama fa?"

"In na gama na Tilo ne. Mayar min da shi inda ka gan shi."

Ya mayar. Ta zube kayan a kan gado, ta soma ninkewa, ta tambaye shi ko zai sha shayi kafin ya tafi.